Kurakuran da aka fi yi wajen ba da labarin 'yan Furitan na farko a Amurka

Kusan duk ɗalibi ko marubucin da ya fara taɓa wannan tarihi yana faɗawa rami ɗaya: sai ya haɗe ƙungiyoyi biyu ya mai da su guda. Mutanen jirgin Mayflower, su 102, da suka tashi daga Ingila a watan Satumba na 1620, shugabanninsu 'yan aware ne. Sun riga sun fice daga cocin Ingila, sun yi zaman hijira a Leiden ta ƙasar Holan tun 1609, kuma da yawa cikin fasinjojin ba addini ya kawo su ba, neman abinci ne. Su ne suka kafa Plymouth. 'Yan Furitan na Massachusetts kuwa sun iso ne a 1630 ƙarƙashin John Winthrop, jirage 11, mutum wajen 700, da takardar izinin sarki, kuma burinsu gyara cocin daga ciki. Sai a 1691 aka haɗe yankunan biyu. Ni kafin in rubuta kowace jimla sai na tambayi kaina: 1620 ce ko 1630? William Bradford, gwamnan Plymouth, ne ko Winthrop?

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne a ce wai "sanyi ne ya kashe su," a wuce. Wannan lalaci ne. A tambayi me ya kai mutanen Mayflower bakin hunturu tukuna. Jirginsu na biyu, Speedwell, yoyo ya yi ta yi har aka juyo sau biyu, aka ɓata makonni, aka cinye guzuri. Sun yi kwana 66 a teku, suka hango Cape Cod a Nuwamba, ba bakin kogin Hudson da suka nufa ba. Sai a Disamba suka zaɓi wurin zama. Babu gidaje, don haka yawancinsu a cikin jirgin suka yi hunturu, a cunkushe, mazan suna tsallaka ruwa mai ƙanƙara zuwa gaɓa suna komowa da jiƙaƙƙun kaya. Abincin busasshen burodi ne da naman gishiri, babu ɗanyen ganye ko 'ya'yan itace na watanni. Wannan ke kawo cutar rashin bitamin C, dasashi ya kumbura, haƙora su yi girgiɗi, tsohon rauni ya buɗe. Ciwon huhu ya ƙarasa sauran. Kusan rabinsu suka mutu. Bradford ya rubuta cewa akwai lokacin da mutum shida ko bakwai ne kaɗai ke tsaye suna jinyar kowa. Cikin manyan mata 18, huɗu ne suka ga girbin 1621. Mutanen Winthrop ma sun rasa wajen 200 kafin ƙarshen 1630, kuma da jirgin Lyon ya iso a Fabrairun 1631, cikin kayansa har da ruwan lemun tsami, maganin cutar rashin bitamin C. Wanda bai bayyana wannan sarƙa ba bai bayyana komai ba.

Kada kuma wanda ya sake rubuta cewa sun tarar da ƙasa fayau babu mai ita. Haba! Plymouth a kan kufan garin Patuxet aka gina ta. Annoba ce ta share mutanen garin tsakanin 1616 da 1619, ta bar gonaki shararru. Irin masarar da suka shuka ma daga rumbunan ƙasa na 'yan asalin Cape Cod suka tone ta, masu ita ba su nan. Tisquantum, wanda ake kira Squanto, ya iya Turanci ne don wani kyaftin, Thomas Hunt, ya sace shi a 1614 ya kai shi Sifen. Ya biyo ta Landan ya dawo a 1619 ya tarar da danginsa sun ƙare. Shi ya nuna musu yadda ake tara tudu, a binne kifi a matsayin taki, a shuka masara a kai. Sun yi eka 20 na masara ta yi kyau. Waken da suka zo da shi daga Turai ya lalace. Shi kuwa Massasoit, sarkin ƙabilar Wampanoag, ya ƙulla yarjejeniya da su a Maris 1621 don yana neman ƙawaye a kan ƙabilar Narragansett, waɗanda annobar ba ta taɓa sosai ba. A rubuta shi a matsayin shugaba mai lissafi.

A kula da kwanan wata. Ingila a lokacin tsohuwar kalanda take bi, tana bayan tamu da kwana 10, kuma sabuwar shekara 25 ga Maris take shiga. Mace-macen da tsohuwar takarda ta ce na Fabrairun 1620 ne, a lissafinmu 1621 ne. Ni kalanda ɗaya nake zaɓa, in faɗa tun farko.

Sauran ƙanana ne. Ba su ne Ingilawan farko ba, Jamestown ta riga su tun 1607. 'Yancin addini da suka nema na kansu ne: saboda saɓanin aƙida Massachusetts ta kori Roger Williams a 1635, ta rataye Mary Dyer a 1660. Baƙaƙen kaya da hula mai ƙarfe zanen mutanen baya ne. Bikin girbin 1621 ma bai kawo ƙarshen yunwa ba, domin a Nuwamba jirgin Fortune ya sauke ƙarin mutum 35 kusan hannu rabbana, dole aka raba rabon abincin kowa gida biyu.