Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Lodin Ƙaramar A-kori-kura da Yadda Ake Gyara Su

A tashoshin Tawa da kasuwannin ƙauyukan Adar, ƙananan motocin ɗaukar kaya irin su Hilux da L200 da tsofaffin Peugeot 504 masu tamfal su ne ke ɗawainiya da hatsi da albasa da siminti da dabbobi, wani lokaci har da mutane zaune a saman kayan. Galibin waɗannan motoci an ƙera su ne don nauyin da ke kusa da tan ɗaya, wasu kilo 800, wasu kilo 1,100 ko ɗan fiye, gwargwadon samfurin motar da girman ɗakin direba. Sai dai a wurin lodi ba da kilo ake awo ba, da ido da kunne ake yi: in bodi bai cika ba a ƙara, in inji ya ja an yi daidai. Daga nan yawancin kurakurai suke tasowa, domin inji shi ne na ƙarshe da ke nuna gazawa, alhali birki da taya da shasi sun riga shi jigata tun da nisa.

Kuskuren da ya fi kowanne yaɗuwa shi ne rashin sanin adadin da kamfanin da ya ƙera motar ya ƙayyade, ko da yake adadin ba ɓoyayye ba ne. Yana cikin katin mota, yana kuma kan wani ɗan farantin ƙarfe ko takarda da aka manna a jikin ƙofar direba ko a ɗakin inji. Lamba biyu ake nema: iyakar nauyin mota tare da duk abin da ke cikinta, wanda takardun Faransanci ke rubutawa da haruffan PTAC, da kuma nauyin motar ba kaya. Idan aka cire na biyu daga na farko, abin da ya rage shi ne abin da aka yarje wa motar ta ɗauka. A kan farantin akan sami wasu lambobi biyu a ƙasa, masu alamar 1 da 2, waɗanda ke nuna iyakar nauyin da aksil (sandar da ke riƙe da tayoyi) na gaba da na baya za su iya ɗauka kowanne shi kaɗai. Lambar da ta fi duka girma a farantin ta shafi mota haɗe da tirelar da take ja, kuma mutane da dama suna ɗaukarta a matsayin izinin lodi, wanda kuskure ne babba, tunda ja daban yake da ɗauka.

Ko wanda ya san lambar yakan yi tuntuɓe a lissafi, saboda yana zaton ta shafi abin da ke cikin bodi kaɗai. A ɗauki misalin mota mai ƙofa huɗu wadda iyakarta kilo 2,900 ne, nauyinta ba kaya kuma 1,950. Ragowar ke nan 950. Direba da fasinja huɗu, a ƙaddara kowa kilo 70 ne, sun cinye 350. Kejin ƙarfen da aka yi wa walda a bayan motar a ce kilo 80, tayar safiya ta biyu 30, jarka biyu ta ruwa masu lita 25 kilo 50, jak da akwatin kayan gyara 20. Abin da ya saura kilo 420 ne kacal, wato buhu takwas na siminti. Da direba ne shi kaɗai a motar, da ta ɗauki buhu goma sha huɗu. Wanda ya saba ganin an jera buhu talatin a irin wannan mota daga Malbaza, inda masana'antar siminti take, zai ga lissafin kamar wasa, amma buhu talatin tan ɗaya da rabi ne, kuma babu yadda za a juya lambobin su ba da wata amsa.

Sai kuma auna kaya da girmansu maimakon nauyinsu. Mai lodi yakan leƙa bodi ya ce, "Maigida, akwai sauran wuri," kuma gaskiya ya faɗa, wurin ne kawai ba shi ne ma'auni ba. Harawa ko kara ko katifu suna iya cika mota har su yi tozo ba tare da sun kai rabin tan ba. Yashi kuwa, cikin akwatin da ke da mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi yana kai kilo 1,500 ko fiye in busasshe ne, jiƙaƙƙe kuma yana kusantar tan biyu. Bodin mota mai ƙofa huɗu yana cin kusan wannan adadi in an cika shi zuwa baki, na mai ƙofa biyu kuma ya fi haka da kusan rabi, saboda haka duk motar da aka cika da yashi ko tsakuwa maƙil ta ɗauki ninkin abin da ya kamata. Gyaran a nan shi ne mai mota ya haddace nauyin kayan da ya saba ɗauka: buhun siminti kilo 50, babban buhun hatsi kimanin 100, buhun albasar Galmi mai hula yakan haura 100, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya, duro mai lita 200 kuma kilo 200 ban da nauyin ƙarfensa. Da wannan ɗan ilimi ana iya ƙirga lodi tun yana ƙasa, kafin a yi ciniki. Wanda ke ɗaukar kaya iri ɗaya kullum kuma yana da kyau ya hau sikelin manyan motoci sau ɗaya da cikakken lodinsa, ya san ainihin inda yake.

Ruwa yana da tasa matsalar ta daban. Tanki mai lita 1,000 in ya cika tan ɗaya ne cur, wanda ya riga ya wuce ƙarfin yawancin waɗannan motoci in aka haɗa da direba da nauyin tankin kansa. Wasu sai su zuba rabi da nufin sauƙaƙawa, sai ruwan ya sami filin kai da komo: a taka birki ya doko gaba, a shiga kwana ya tura motar waje. Duro uku ko huɗu da aka cika taf aka ɗaure sun fi babban tanki mai rabin ruwa aminci.

Akwai wani gyara da ake yi a gareji wanda ya kamata a yi masa kallon tsanaki, wato ƙara ganyen sifirin a baya. Bakanike yakan ƙara ganye biyu ko uku, mota ta daina zama da gindi, mai ita ya tafi yana ganin ta zama mai tan biyu. Abin da ya canza shi ne tsayuwar motar kawai. Aksil da boris ɗinsa, da kusoshin taya, da birki, da shasi, duk suna nan yadda kamfani ya auna su. A ganina wannan gyara ya fi rashinsa haɗari ga mai son wuce iyaka, domin ya kawar da alama ɗaya tilo da ido ke gani. Sifirin na asali in ya miƙe sumul, ko robar da ke tsakanin aksil da shasi ta kusa taɓawa, to motar ta faɗi cewa ta ƙoshi. Mai ƙarin ganye kuwa ba zai ji wannan gargaɗi ba sai ranar da boris ya ƙone ko sandar aksil ta karye a hanyar Abalak, inda bakanike ke da nisa. Ba laifi ba ne a sabunta sifirin da ya gaji, matuƙar dai an san lambar da ke katin mota ba ta motsa ba.

Inda aka ajiye kaya yana da muhimmanci kusan kamar yawansu. Mai jaki ya san mangala ba ta tafiya in gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya, kuma haka mota take, sai dai ita tana da gaba da baya ma. Kaya masu nauyi wurinsu ƙasa ne, jingine da bangon ɗakin direba, a gaban tayoyin baya ko daidai kansu, masu sauƙi kuma su hau sama ko su koma baya. Idan aka tara nauyi a bayan tayoyin baya, musamman in an buɗe murfin bodi aka ɗora buhuna a kansa, gaban motar yakan ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako, tayoyin gaba da ke yin mafi yawan aikin birki su rasa riƙon ƙasa, fitilu kuma su riƙa haska idon mai tahowa maimakon hanya. A motoci masu ƙofa huɗu abin ya fi muni, domin yawancin bodinsu yana bayan aksil ne, kuma irin wannan lodi a hanya mai gargada shi ke lanƙwasa shasi a tsakanin ɗaki da bodi. Lodi mai tsawo zuwa sama shi ma yana ɗaga cibiyar nauyin motar, ta yadda kwanar da take sha lafiya ba kaya za ta iya kifar da ita. Dabbobin da aka sayo a kasuwar Badagishiri kaya ne masu motsi, don haka sai an raba su da shinge ko an ɗaure su yadda ba za su taru a gefe guda ba.

Taya ita ce ta fi saurin tona asirin lodi, musamman a watannin Afrilu da Mayu lokacin da zafin Tawa ke haura digiri 40, kwalta kuma ta fi iska zafi nesa ba kusa ba. Kowace taya tana ɗauke da lambar nauyinta a gefe, bayan lambobin girma: 100 na nufin kilo 800, 104 kilo 900, 106 kilo 950, 112 kuma kilo 1,120, kuma wannan ƙarfi yana tabbata ne kawai in iskar ta cika yadda aka tsara. Tayoyin da aka yi don motar kaya suna da harafin C ko LT. Mai sayen tayar gwanjo da ke duba girma da zane kaɗai yana iya ɗaura tayar motar shiga a motar kaya bai sani ba. Ya kamata ya duba shekarunta kuma, a lambobi huɗu na ƙarshe da ke bin haruffan DOT: 2319, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Taya mai ƙarancin iska a ƙarƙashin nauyi tana lanƙwashewa a kowane juyi, lanƙwasar tana haifar da zafi, zafin kuma shi ke raba roba da wayoyin ciki har ta fashe. Saboda haka ana auna iska ne da safe kafin a tashi, a ƙara wa tayoyin baya zuwa adadin cikakken lodi da aka rubuta a jikin ƙofa. Rage iska a tsakiyar tafiya don taya ta yi zafi kuskure ne da ke ƙara mata zafin, haka nan wanda ya rage iska don ratsa rairayi wajibi ne ya mayar da ita kafin ya hau kwalta.

Tuƙin mota mai kaya kamar marar kaya shi ne kuskuren da ke haɗa sauran su zama hatsari. Aikin da birki zai yi yana ƙaruwa daidai da nauyi, amma game da gudu ninki biyu yana jawo aiki ninki huɗu, don haka saukowa daga kilomita 100 zuwa 70 a awa yana rage wa birki kusan rabin wahalarsa. A gangaren duwatsun Keita da Buza, direban da ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama zai iske ya yi zafi ya daina kamawa kafin a kai ƙasa; abin yi shi ne a sa ƙaramar giya tun kafin a fara gangarawa, a bar inji ya riƙe motar, kuma kada a taɓa sakin giya don tsimin mai. Man birki yana shan danshi da daɗewa, wanda ke sa ya tafasa da wuri, shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a canza shi duk bayan shekara biyu.

Ɗauri ma ana yi masa riƙon sakainar kashi. Robar tsohon tub tana miƙewa, ba ta riƙe kaya masu nauyi in aka taka birki da ƙarfi, tsohuwar igiyar leda da rana ta cinye kuma tana tsinkewa ba sanarwa. Bel mai maƙulli, wanda aka rubuta ƙarfinsa a jikinsa, shi ya dace, kuma a ɗaura shi a ƙugiyoyin bodi. Rodi ko katako da ya zarce bayan mota da fiye da mita ɗaya sai a rataya masa jan ƙyalle. Buhuna suna zaunawa da girgizar hanya, ɗaurin da aka yi tamau a tasha yakan saki, don haka wanda ya taso daga Tawa zuwa Tsarnawa ya tsaya bayan kilomita goma ko ashirin na farko ya sake ja, ya kuma kai hannu kusa da tayoyi da cibiyoyinsu ya ji ko akwai wadda ta fi sauran zafi.