Yadda ake tace sanarwar SAP a tsohuwar hanyar sadarwa ta IPX

Duk wanda ya gaji kula da tsohon tsarin Novell NetWare, ko ya sayo tsohuwar rautar Cisco a Computer Village da ke Ikeja don koyon aiki, zai yi karo da SAP, wato Service Advertising Protocol, ƙa'idar shelar hidimomi a hanyar sadarwa ta IPX da NetWare ke amfani da ita. Da wannan ƙa'ida kowace uwar garke da kowace firinta ke shelar kanta, kuma rauta, wato na'urar da ke haɗa hanyoyin sadarwa, tana maimaita shelar duk daƙiƙa 60, ko an sami canji ko ba a samu ba.

Ƙunshin bayanai ɗaya na SAP na ɗaukar sanarwa 7, nauyinsa bayit 480. A ce ofishinka na Apapa yana da hidimomi 700, kuma layin kilobit 64 a daƙiƙa ne ya haɗa shi da reshen Agege: ƙunshi 100 ke nan, wato daƙiƙa 6 a kowane minti suna tafiya wajen shela, alhali mutanen Agege ba ruwansu da firintocin Apapa.

Maganin shi ne tace sanarwar. Fara da umarnin show ipx servers a rautar Apapa domin ka ga abin da rautar ta sani. Kowace hidima tana da lambarta a lissafin tushe 16: 4 ta uwar garken fayil ce, 47 ta firinta, 278 ta NDS (kundin sunayen masu amfani da kayan aiki na Novell), 26B kuma ta daidaita lokaci. Jerin tacewar SAP yana ɗaukar lamba daga 1000 zuwa 1099, kuma -1 na nufin kowace hanyar sadarwa. Ga jerin da ke barin 4, 278 da 26B su wuce, ban da firinta:

access-list 1000 permit -1 4
access-list 1000 permit -1 278
access-list 1000 permit -1 26B

Sannan ka shiga ƙofar rautar (interface) da ke fuskantar Agege ka rubuta ipx output-sap-filter 1000.

A nan gizo ke saƙa. Duk abin da jerin bai ambata ba, an hana shi wucewa, don haka wanda ya bar lamba 4 kaɗai ya toshe 278 da 26B, kuma sai uwayen garken suka kasa daidaitawa da juna zai gane ɓarnar. Haka nan, ni ba na son ipx input-sap-filter, mai tace sanarwar da ke shigowa, sai dole, domin tana hana rautar kanta sanin hidimar, ta yadda ba za ta sanar da ita ta kowace ƙofa ba.

Bayan gyara, ka dakata minti 3 tsofaffin sanarwa su goge daga teburin rautar Agege, sannan ka sake dubawa.