Yadda na hana kyanwata fitsari a kan kafet

Tun da muka koma sabon gida a Gwammaja kyanwata ta bar robar yashin da take fitsari da bahaya a ciki, ta koma yin fitsari a kafet ɗin falo. Tsawa ba ta yi komai ba, sai ƙara mata tsoro. Na kai ta wajen likitan dabbobi, don ciwon mafitsara kan jawo haka, ya ce lafiyarta ƙalau.

Ashe wurin ne bai yi mata ba. Robar tana lungun tsakar gida, dab da janareta da kwanon abincinta. Kyanwa ta fi mu jin ƙara nesa ba kusa ba, ba ta son yin bahaya kusa da inda take ci, kuma tana son wurin da za ta hango mai tahowa ta samu hanyar tsira. Wannan lungun kuwa rufaffe ne.

Na mayar da robar bayan ɗaki inda ba hayaniya, na ƙara ta biyu a baranda. Na tankaɗe yashi mai laushi, na zuba zurfin santimita 5 don ta samu abin tonawa da binnewa. Safe da yamma nake kwashewa, duk mako in wanke da sabulu marar ƙamshi. Kafet ɗin na jiƙa shi da ruwan khal, na shanya a rana, sannan na ajiye kwanon abincinta daidai inda take ɓatawa.

Alhamdu lillahi, ta daina. Ko an tayar da janareta yanzu, can bayan ɗaki take nufa.