Zaman Rabin Awa: Yadda Manaja Zai Horar da Na Ƙasa da Shi

Yawancin manajoji sun hau kujerarsu ne saboda sun iya aiki da hannunsu. Akawun da ya fi iya lissafi shi ake ba sashen kuɗi, direban da ya fi natsuwa shi ke zama shugaban direbobi. Daga ranar aikinsa ya canza, sai dai ba wanda ya gaya masa. Yana nan yana warware kowace matsala da kansa, yaransa kuwa abu ɗaya suke koya: a kai wa oga. Ni ina kula da sito da fitar da kaya a wani kamfanin casar shinkafa a Kano, kuma maganin da na riƙe shi ne zama da kowane ma'aikaci, daga ni sai shi, rabin awa, duk bayan mako biyu.

Ba ni na ƙirƙiro ba. A 2008 kamfanin Google ya soma wani bincike da ya kira Project Oxygen, don gano abin da ya raba manajan kirki da sauran. Cikin halaye takwas da aka fitar, iya horar da na ƙasa ne ya zo na farko, ƙwarewar fasaha kuma ta zo na ƙarshe. A kamfanin injiniyoyi ke nan.

Ka fara da tsayar da rana da lokaci, kuma kada ka ɗaga shi. Idan ba ka kiran mutum sai ya yi laifi, duk ranar da aka ce "oga na nemanka" da faɗuwar gaba zai shigo, wanda gabansa ke faɗuwa kuwa ba ya tunani, kare kansa yake yi. Ni bayan azahar nake yi, lokacin da motocin safe sun fita. Ka kife waya, ku gaisa sosai, ka tambayi mutanen gida. Idan mace ce, ku zauna inda ake ganinku, ƙofa a buɗe.

Tsarin tambayoyin da nake bi ana kiransa GROW. Wani Baturen Ingila, John Whitmore, wanda a da direban tseren mota ne, shi ya yaɗa shi a littafinsa na 1992. Matakai huɗu ne: me kake so ka cim ma, wane hali ake ciki yanzu, waɗanne hanyoyi ke akwai, sannan wacce za ka bi kuma yaushe. A takarda ba wuya. Wuyar tana mataki na biyu da na uku, inda bakin manaja ke ƙaiƙayi.

A ce mai kula da sito ya zo da kukan cewa lissafin buhuna ba ya daidaita da na littafi. Kai ka san dalili, ko kana ganin ka sani. Haɗiye shi. Tambaye shi: "A waɗanne ranaku aka fi samun giɓin?" Ya ce ranar da motoci suka yi yawa. "Me ya sa?" Saboda ana lodi biyu lokaci guda. "Wa ke ƙirga na biyun?" Sai ya yi shiru, don ya gano da kansa cewa ba kowa. Wannan bin diddigi da "me ya sa" al'adar Toyota ce, wani babban injiniyan kamfanin, Taiichi Ohno, ya koyar da a tambaya har sau biyar kafin a yarda an kai ga tushen matsala. Amma ka sassauta murya, domin "me ya sa" daga bakin oga ya fi kama da tuhuma. Na fi son "me ya kawo haka?", wanda ke nuna matsalar ba mutumin ba.

Bayan ka yi tambaya, ka yi shiru. Ƙirga goma a zuci. Shirun nan zai dame ka fiye da yadda zai dame shi, kuma in ka cike shi da amsarka zaman ya lalace. Idan ya kawo hanya ɗaya, ka ce "sai kuma me?" Ta farko yawanci wadda yake zaton kana so ce, tasa tana zuwa daga baya. Idan tasa za ta yi aiki, ko da taka ta fi ta kaɗan, bar shi ya bi tasa. Mutum ya fi kula da shukar da ya dasa da hannunsa.

Akwai abin da littattafan Turawa ba su yi lissafi da shi ba: kunya da girmama na gaba. Ka tambayi yaronmu "ka gane?", zai ce "na gane, ranka ya daɗe", ko da bai kama ko kalma ɗaya ba. Ka tambaye shi ko akwai matsala, zai ce "ba komai". Don haka kada ka yi tambayar da "e" ko "to" za su amsa. Ce masa: "Gobe da safe ta ina za ka fara?" A amsarsa za ka ji ko ya gane. Idan kuwa ma'aikacin ya haife ka, kada ka zauna kamar malami da ɗalibi. Nemi shawararsa: "Baba, kun daɗe a nan, da ku ne yaya za ku yi?" Sau da yawa ma amsar tana wurinsa tun kafin a ɗauke ka aiki.

Ba kullum ake tambaya ba. Idan janareto ya kama da wuta, umarni ake bayarwa. Sabon ɗauka da bai taɓa cike takardar fitar da kaya ba, nuna masa za ka yi. Wanda aka kama da ha'inci kuma shari'arsa daban ce, kada ka haɗa ta da wannan zama.

Kafin ku tashi, ya faɗi da bakinsa abu ɗaya da zai yi da ranar da zai gama, kai kuma ka tambaye shi me yake buƙata daga gare ka. Ka rubuta duka biyun a ƙaramin littafi, shafi ɗaya ga kowane ma'aikaci. A zama na gaba ka fara da naka alkawarin: idan ka ce za ka samo masa mai taya shi ƙirga, ka faɗi inda aka kwana, sannan ka tambayi nasa.