Yadda Iyali Za Su Raya Ambaton Saurayin da Ya Rasu a Ramukan Yaƙin Garwa da Mora

A gidaje da dama na Garwa, Marwa, Mora da ƙauyukan da ke kewaye da su a arewacin Kamaru, akwai labarin wani ƙanen kaka da aka ɗauka soja yana saurayi a zamanin yaƙin Jamus, wato Yaƙin Duniya na Farko, ya tafi bai dawo ba, kuma babu wanda ya san inda aka binne shi. Da yawa daga cikin waɗannan samari sun rasu ba su yi aure ba, ba su bar ɗan da zai riƙa yi musu addu'a ba, saboda haka nauyin ya koma kan jikokin 'yan'uwansu. Iyalin da ke son sauke wannan nauyi sai su fara da neman sunan mamacin da gaskiyar abin da ya same shi, kafin a yi maganar taro ko yanka.

Za a soma da tsofaffin gida, musamman mata, domin su ne suka fi riƙe sunayen dangi da laƙabobinsu. A zauna da su ba tare da gaggawa ba, a ɗauki muryarsu a waya da izininsu, a tambayi sunan yanka na saurayin, sunan mahaifinsa, ƙauyen da aka ɗauke shi, da kuma wanda yake lamido ko lawan a lokacin. Tsohuwa ba za ta ce 1915 ba, amma za ta iya cewa a zamanin wane sarki aka yi abin, ko da damina ne ko da rani, kuma wannan ya isa a kusanci shekarar. Idan bakin mutum biyu ya saɓa, a rubuta duka biyun kamar yadda aka faɗe su, kada a zaɓi wanda ya fi daɗin ji.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: kakin wace ƙasa ya sa? A arewacin ƙasarmu rundunoni uku ne suka gwabza daga 1914 zuwa 1916, kuma dukkansu da baƙaƙen sojoji suka yi yaƙin. Jamus na da nata da ta ɗauka a Kamaru, Ingila ta shigo da rundunar Najeriya ta hanyar Yola da Borno, wadda Hausawa suka yi yawa a cikinta, Faransa kuwa ta turo nata daga Cadi, suka karɓe Kusiri a watan Satumba na 1914. Mai yiwuwa ne ƙwarai Bahaushen da ke cikin rami ya harbi Bahaushen da ke wajensa, kuma iyali su shirya jin cewa nasu yana ɓangaren da aka ci da yaƙi. Wannan ba abin kunya ba ne, domin da yawansu ba a tambaye su ra'ayi ba. Wasu ma ba sojoji ba ne, 'yan dako ne da aka tilasta wa ɗaukar harsashi da abinci, kuma sun cancanci a tuna da su daidai da masu bindiga.

Sanin wurin da ya faɗi yana buƙatar sanin yadda yaƙin ya gudana. Jamusawa sun kewaye Garwa da sansanoni da ramuka da waya mai ƙaya, har suka kori harin farko na Ingilishi a ƙarshen Agusta 1914 bayan an yi asarar rayuka. Da aka dawo a ƙarshen Mayu 1915, Ingilishi da Faransawa suka riƙa haƙa nasu ramukan cikin dare suna matsowa, igwa tana aman wuta da rana, har garin ya miƙa wuya ranar 10 ga Yuni. Sojojin da suka yi ƙoƙarin tserewa ta kogin Binuwai a kwanakin ƙarshe da yawansu ruwa ya cinye su, abin da ya sa wasu iyalai ke cewa nasu kogi ne ya tafi da shi. A Mora kuwa, Kyaftin von Raben ya hau dutse da mutanensa, aka tsare su wata goma sha takwas cikin yunwa da ciwo, ba su sauko ba sai 18 ga Fabrairu 1916, bayan sauran dakarun Jamus sun fice daga ƙasar. An kuma yi ƙazamin faɗa a dutsen Banyo a Nuwamba 1915.

Daga nan sai takardu. Wanda ya yi wa Faransa yaƙi, a neme shi a shafin Mémoire des hommes na ma'aikatar tsaron Faransa, inda aka sa katunan waɗanda suka mutu a yaƙin, a kuma rubuta sunan yadda Bafaranshe zai rubuta shi: Moussa, Oumarou, Aoudou. Wanda ya yi wa Ingila, a duba shafin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, a gwada sunansa haɗe da sunan gari, tunda magatakardan soja sukan mayar da garin mutum sunan mahaifinsa. Kada a karaya idan ba a samu ba. Ita kanta hukumar ta amince a rahotonta na 2021 cewa mutum 116,000 aƙalla, galibinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ba. Takardun zamanin Jamus suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Yawunde, amma sai an sami mai karanta tsohon rubutun Jamusanci, kuma a nan malaman tarihi na jami'o'in Marwa da Ngaundere za su iya nuna hanya.

Mai son ziyartar dutsen Mora ya fara gaida mai gari, ya nemi ɗan jagora daga mutanen wurin, ya kuma tambayi hukuma halin tsaro kafin ya tashi. Duk wani ƙarfe mai tsatsa da aka gani a ƙasa, kada a taɓa shi, balle a kawo shi gida.

Game da ambaton kansa, a ganina sadaka mai gudana ta fi gunki ko allon siminti dacewa da mu. A haƙa rijiya, ko a gyara rumfar makarantar allo, ko a dasa darbejiya a ƙofar masallaci da niyyar Allah ya kai masa ladan. Malamai sun saɓa kan taron saukar Alƙur'ani domin mamaci, don haka kowane gida ya bi malaminsa ba tare da an mai da abin rigima ba. Kada kuma a yanke masa hukuncin shahada, ko a ƙirƙira masa jarumtar da babu wanda ya shaida, a dai roƙa masa gafara da sunansa. Idan bincike ya nuna ba Musulmi ba ne, kamar yawancin samarin tsaunukan Mandara na wancan zamani, a bar danginsa su tuna da shi bisa al'adarsu.

Abin da aka tattara a rubuta shi a shafi ɗaya ko biyu, da boko da ajami idan da hali, a ware abin da takarda ta tabbatar daga abin da aka ji a baki, a sa sunan tsohuwar da ta ba da labarin da ranar da ta ba da shi. A ajiye kwafi ɗaya wurin babban gida, ɗaya wurin limami ko sarkin Hausawa, a tura hotonsa ga dangin da ke Yola, Mubi ko Injamena. Ranar karanta shi ga yara kuwa, an fi samun jama'a washegarin Sallah, lokacin da na nesa suka zo gida.