Yadda Mai Binciken Kimiyya Zai Riƙe Wasiƙunsa Ya Kuma Riƙe Gidansa

A tsakiyar watan Yunin 1858 wasiƙa ta iske masanin halittu Charles Darwin a gidansa da ke ƙauyen Downe, a Ingila. Alfred Russel Wallace ne ya aiko ta daga tsibirin Ternate, cikin ƙasar da yau ake kira Indunusiya, kuma abin da ta ƙunsa kusan shi ne ra'ayin da Darwin ya shekara ashirin yana tara wa hujja bai buga ba. Cikin kwanakin ne ciwo ya shiga gidan, ɗan autansa mai shekara ɗaya da rabi ya rasu ranar 28 ga wata. Darwin bai je ko'ina ba. Abokansa biyu, Charles Lyell da Joseph Hooker, su suka kai rubutunsa da na Wallace gaban ƙungiyar masana halittu ta Linnean a Landan ranar 1 ga Yuli. Cikin abin da aka karanta har da kwafin bayanin da ya aika wa masanin tsirrai Asa Gray a Amurka ranar 5 ga Satumba, 1857, shaidar cewa yana da ra'ayin tun kafin wasiƙar Wallace ta iso.

Abu biyu suka rufa masa asiri: kwafi mai kwanan wata, da mutanen da suka san aikinsa har za su iya tsaya masa ranar da gida ya riƙe shi. Mai bincike a Samaru, ko Kano, ko Sadoré kusa da Yamai, ba shi da buƙatar da ta wuce waɗannan, sai dai yau wasiƙar imel ce, kuma a aljihu take kwana.

Ware wa wasiƙa lokacinta

Sau biyu a rana ya isa: minti 45 da safe bayan yara sun tafi makaranta, minti 30 kafin a tashi daga aiki. Kashe ƙarar sanarwar imel a waya. Duk saƙon da amsarsa ba za ta ci minti biyu ba, amsa nan take. Wanda ke buƙatar tunani, aika layi ɗaya cewa ya iso kuma za ka amsa ran kaza, sannan ka sa ranar a kalanda. Yawancin ɓacin ran da ake samu tsakanin abokan bincike daga shiru yake farawa, ba daga amsa mara daɗi ba.

Adireshi biyu za ka riƙe. Na jami'a ko cibiya, saboda editoci da masu ba da tallafi sun fi yarda da shi. Na kanka kuma, saboda na ma'aikata yakan mutu idan ka sauya wurin aiki, wani lokacin ma ya kwana uku ba ya buɗuwa. Sa na biyun a rajistarka ta ORCID, lambar shaidar mai bincike mai alƙaluma 16 da ke bin ka duk inda ka koma. Kunna tabbacin shiga mai mataki biyu, ka buga lambobin ko-ta-kwana a takarda ka ajiye tare da takardun makarantarka. Waya takan ɓata a kasuwa, ko yaro ya tsoma ta a bokiti.

Kowane aiki da foldarsa. Duk fayil ya fara da kwanan wata, shekara a gaba: 2025-03-14, sannan sunan aikin. Haka kwamfuta za ta jera su da kanta, ka huta da “na ƙarshe” da “na ƙarshen gaske”. Kwafi uku: a kwamfuta, a faifan ajiya na waje, a intanet. Faifan kada ya zauna jaka ɗaya da kwamfutar, domin wanda ya ɗauki jaka ya ɗauke duka.

Ita kanta wasiƙar

Mu mutanen gaisuwa ne. Amma baƙon farfesa a Jamus da ke da saƙo ɗari a gabansa, idan ya karanta layi huɗu bai ga abin da kake so ba, ya wuce. Gaisuwa layi ɗaya, sai ko kai wane ne da inda kake aiki, sai buƙatarka da ranar da kake son ta. Buƙata ɗaya a wasiƙa ɗaya. Taken saƙon ya faɗi maganar: sunan aikin, abin da ake nema, wa'adi. Idan daga binciken mutum kake neman wani abu, ambaci ainihin maƙalar da abin da ka ɗauka a ciki. Wasiƙar da aka aika wa mutum talatin iri ɗaya tana da wari, kowa na jin sa.

A gida kuwa akasin haka ne. Malaminka da ya koyar da kai ba a aika masa busasshen imel a ce ana son takardar shaida zuwa Alhamis. Ka je, ko ka kira, ka gaishe shi yadda ya kamata: “Allah ya gafarta Malam, wata alfarma na zo nema.” Bayan ya amsa sai imel ya biyo da tarihin aikinka, da bayanin abin da kake nema, da wa'adi. Ba shi mako uku, ka tuna masa saura mako guda.

Abin da aka yanke a WhatsApp ko a bakin masallaci bayan la'asar, mayar da shi rubutu a ranar: “Kamar yadda muka yi magana ɗazu…” Musamman jerin sunayen marubuta. Wa zai zo farko, wa zai zo ƙarshe, wa zai riƙe hulɗa da mujalla, a rubuta tun ba a shuka gwajin ba. Zumunci da yawa ya lalace a kan wannan, kuma kullum sai bayan sakamako ya yi kyau rigimar ke tashi.

Gmail ba ya ɗaukar maƙale da ya wuce megabait 25, saboda haka manyan hotuna da bayanai a aika mahaɗinsu. Sa damar janye saƙo a kan daƙiƙa 30. Idan dare ne kaɗai lokacinka na rubutu, tsara saƙon ya fita da ƙarfe takwas na safe, don kada ɗalibanka su ɗauka dole su ma su amsa da ƙarfe ɗaya na dare.

Edita da masu tantancewa

Kada ka tura maƙala ɗaya ga mujallu biyu lokaci guda. Idan wata uku ya wuce shiru, tambaya cikin ladabi tare da lambar maƙalar. Ranar da sharhin masu tantancewa ya iso, karanta shi sau ɗaya ka rufe, ka bar shi ya kwana biyu. Amsar da aka rubuta da zafin rai ba ta taɓa taimakon kowa ba, kuma mutanen gida ne ke shan ragowar fushin a kan tuwon dare.

Sannan ka kwafe kowane sharhi, ka ba shi lamba, ka rubuta amsa a ƙarƙashinsa tare da shafi da layin da ka gyara. Inda ba ka yarda ba, faɗi dalili da hujja, kada ka tsallake. Idan wa'adin gyara zai haɗu da haihuwa, ko jinya, ko girbi, nemi ƙarin lokaci tun wa'adin bai cika ba. Editoci sukan bayar cikin sauƙi; wanda ya ɓace ne ba su da yadda za su yi da shi.

Wasiƙar da ta zo daga wata mujalla tana kirarinka, tana alƙawarin bugawa cikin mako guda idan ka biya, duba sunan mujallar da kanka a DOAJ ko Scopus, shafukan da ke jera mujallun da aka tantance, ba tambarin da suka manna a shafinsu ba.

Idan samfuri zai bi wasiƙa

Nan ne ake asarar aikin damina guda. Takardu kafin kaya. Idan iri ne ko wani sashen tsiro, wanda zai karɓa shi zai fara samo izinin shigarwa daga ƙasarsa ya aiko maka, domin sharuɗɗan da ke ciki su za a bi wajen ba ka takardar lafiyar tsiro. A Najeriya NAQS, hukumar killace kayan noma, ita ke ba da ita. Dawa, gero, wake, masara da shinkafa suna cikin jerin amfanin gona 64 na yarjejeniyar duniya kan irin shuka, ana musayarsu da takardar SMTA, wato takardar yarjejeniyar miƙa iri da ɓangarorin biyu ke amincewa da ita. Gyaɗa da waken suya ba sa cikin jerin, don haka tambayi ofishin da ke kula da yarjejeniyoyi a cibiyarku wace takarda za a sa wa hannu. Kada ka sa hannu da sunanka kai kaɗai a madadin ma'aikata.

Ganye don gwajin ƙwayar gado ba ya buƙatar sanyi idan an busar da shi daidai: ɗanyen ganye ƙarami, a yayyanka, a sa a jakar leda mai zif da silika, ƙwayoyin nan masu tsotse laima, kimanin ninki goma na nauyinsa. Idan silikar ta juya daga shuɗi zuwa ruwan hoda, ta sha ruwa, a sauya. Ganyen da ya kwana da laima a leda ya yi funfuna, ya tashi daga aiki. Abin da dole sai da sanyi kuwa, busasshiyar ƙanƙara tana kan digiri 78 ƙasa da sifili, tana kuma ƙarewa da kilo biyu zuwa biyar a kowace rana gwargwadon akwati. Lissafa kwanakin hanya ka ƙara biyu saboda kwastan, kuma kada a toshe akwatin ruf, iskar da ke fita na iya fasa shi. Aika ran Litinin ko Talata, ka tura lambar bin kaya a ranar, ka tabbata mai karɓa ba ya hutu.

Kada samfuri ya shiga firjin gida, ko na dare ɗaya. Irin da aka shafa wa maganin ƙwari, mai jan launin nan, kada ya kwana kusa da rumbu ko kicin. Mudun wake mudun wake ne a idon yarinyar da aka aika ta ɗebo na alala.

Kalanda ɗaya, a bango

Kalandar aiki a waya, ta gida a cikin kan uwargida: a nan rikici yake. Haɗa su a takarda ɗaya inda kowa zai gani. Shuka a Yuni ko farkon Yuli, girbi a Oktoba da Nuwamba, komawar yara makaranta da kuɗinta a Satumba, wa'adin neman tallafi, taro, bikin ƙanwa. Azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara, saboda haka lissafin bara ba zai yi bana ba. Ranar Sallah sai an ga wata, don haka saƙon “ba na ofis” ya rufe kwana ɗaya gaba, ɗaya baya, ya kuma ambaci wanda za a tuntuɓa.

Faɗa wa abokan aiki na waje tun farko cewa ba ka taro ran Juma'a daga ƙarfe ɗaya zuwa uku. Su ma a san nasu: Agusta da makonni biyun ƙarshen Disamba Turai kusan a rufe take. Agogo ma yana cin mutum. Nairobi na gabanmu da awa biyu, Indiya da huɗu da rabi. Mu da Landan agogo ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran shekara muna gabansu da awa guda. Wa'adin ƙarfe biyar na yamma a Brussels, a watan Yuni ƙarfe huɗu ne a Kano. Tura kwana biyu kafin wa'adi. Wuta da data ba su san ranar ƙarshe ba.

Tafiya taro a Turai, bizar Schengen ana iya nemanta tun saura wata shida, hukunci yakan ɗauki kwana 15, yana iya kaiwa 45. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata uku bayan ranar barin can. Nemi wasiƙar gayyata da ta faɗi wanda zai biya jirgi da masauki. Kafin ka biya komai, zauna da mai ɗakinka, ko ke ki zauna da maigida, a san wa zai kai yara, wa zai riƙe cefane, wa za a kira idan dare ya yi da mara lafiya. Mace mai jego ta rubuta wa abokan aiki tun cikin na wata shida, ta faɗi ranar da za ta ɗauke hannu da wanda zai riƙe gwajin, kada ta yarda da wani wa'adi cikin kwana arba'in ɗin nan.

Sai kuɗi. Da zarar an ji ka samu tallafi da dala, dangi sun gama lissafi. Kuɗin bincike kada ya taɓa haɗuwa da na cefane. Ɗauki hoton kowane rasidi a ranar, domin na injin POS yakan goge cikin 'yan watanni. Wanda ya zo da buƙata a gaya masa gaskiya da fuska sake: “Kawu, wannan amana ce, kowace naira sai na kawo takardarta. Bari albashi ya shigo in ga abin da zan iya.”

Wanda zai tsaya maka

Rasuwa ba ta sallama, kuma zaman makoki kwana uku ne ko bakwai, waya a aljihu amma hankali ba ya kanta. Tun kana lafiya zaɓi abokin aiki ɗaya, ka buɗe masa foldar aikin, ka riƙa sa shi a kwafin manyan wasiƙu, ka sanar da masu tallafi sunansa. Rubuta shafi guda: ayyukan da ke tafiya, wa'adin kowanne, sunan edita da lambar maƙala, inda makullin ɗakin gwaji yake, wa ke zuba wa janaretan firiza mai, wa ke ban-ruwa a gonar gwaji. Sabunta shi farkon kowane wata. Kwafi ɗaya gare shi, ɗaya a gida cikin jakar takardu, tare da lambar wayarsa da manyan baƙaƙe, yadda ko babban ɗanka zai iya kiransa ya ce, “Baba ya tafi gida ta'aziyya, ya ce a duba takardar nan.”