Idan Sabon Windows Ya Ƙi Sauka a Kwamfutarka

1. Fara zargin filashin da kake sauke Windows daga kansa kafin kwamfutar. Sake ɗora Windows ta amfani da manhajar Rufus ko Media Creation Tool, a filashi mai aƙalla 8GB, sannan ka sauya ramin USB. Cire firinta da duk wani abin da ke jone.

2. Kunna kwamfutar ka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar kafin Windows ya tashi: danna F2 a Dell, F10 a HP. Matsalar tana iya kasancewa a nan. Faifan ajiyar kwamfutar (hard disk) yana da tsari iri biyu, GPT da MBR, hanyar tayar da kwamfuta ma biyu ce, UEFI da Legacy. Idan an tsara faifan a GPT, a tayar da filashin ta UEFI. Idan MBR ne, ta Legacy. In suka saɓa, Windows zai ce ba zai sauka a faifan ba. Windows 11 kuma yana neman TPM 2.0, wato sashen tsaro na kwamfutar, a kunne.

3. Har yanzu ya ƙi? A shafin sauke Windows, danna Shift da F10, a tagar da ta buɗe rubuta diskpart, sai list disk, select disk 0 (idan 0 ce lambar faifan), sannan clean. Duba girman faifan da kyau don ka tabbata shi ka zaɓa kafin clean, domin clean yana shafe komai, har hotunan biki.

4. Da kwamfutar ta sake tashi, zare filashin, in ba haka ba, tana iya komawa farkon aikin. Ka tabbata batir a cike yake, kada ɗauke wuta ya katse aikin.

5. Idan kullum a wuri ɗaya yake maƙalewa, a gwada RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta) da faifan wajen mai gyara.